Yadda Ake Kula da Mai Zazzaɓi Mai Tsanani a Asibitin da Kayan Aiki Suka Yi Ƙaranci

A ƙasashe masu zafi, idan aka kawo mara lafiya asibiti jikinsa yana ci da zazzaɓi, numfashinsa yana fita da ƙyar, ya kasa zama da kansa ko shan ruwa, abu biyu ne suka fi saurin ɗaukar ransa. Na farko shi ne zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wato maleriyar da ƙwayar falsifarum take haddasawa. Na biyu shi ne sefsis, halin da jiki yake shiga idan wata cuta, galibi ta bakteriya, ta tayar da garkuwar jiki har garkuwar ta wuce gona da iri, ta koma tana lalata ƙoda da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. A kan gadon asibiti kamanninsu ɗaya ne, kuma sau da yawa sukan taru a jikin mutum guda, musamman ƙaramin yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263, mutum 597,000 suka mutu, kashi 95 cikin 100 na mace-macen a Afirka, kuma kusan uku bisa huɗu na waɗanda suka mutu a nahiyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wani babban ƙiyasi da aka buga a mujallar Lancet a 2020 ya nuna cewa a 2017 an samu sefsis sau miliyan 48.9 da mace-mace miliyan 11, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Bayanin da ke biye an tsara shi ne domin ma'aikatan jinya da jami'an lafiya da sababbin likitocin da suke aiki a inda babu sashen kulawa ta musamman, kuma ya kamata a riƙa auna duk wani adadin magani da aka ambata a nan da ƙa'idar da ƙasar mai aikin ta shimfiɗa.

Mintunan farko

Kafin a tambayi sunan cutar, a fara duba abin da zai iya kashe mutum a cikin sa'a guda. A tabbatar hanyar numfashi a buɗe take, a kwantar da wanda ya suma a gefensa domin kada amai ya shiga huhunsa, sannan a ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya da agogo a hannu. Idan akwai na'urar da ake maƙalawa a yatsa, a auna oksijin ɗin jini, a ba da iskar oksijin idan ya gaza kashi 90. A danna farcen babban yatsa na daƙiƙa 5 a saki, a ga ko jini ya koma cikin daƙiƙa 3. A taɓa hannuwa da ƙafafu a ji ko sun yi sanyi. A auna nauyin yaro a kan sikeli, domin kusan kowane maganin da zai biyo baya da nauyi ake lissafa shi, kuma ƙiyasin ido yakan sa a ba yaro ƙasa da abin da yake buƙata.

Sukarin jini shi ne abin da aka fi mantawa, alhali shi ne mafi sauƙin gyarawa. Duk yaron da ya suma, ko yake jijjiga, ko ya daina cin abinci, a auna sukarinsa nan take. Idan ya gaza 3 a ma'aunin milimol, ko kuma babu abin awo alhali yaron ba ya cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan gulukos mai ƙarfin kashi 10, mililita 5 a kowane kilo, ta jijiya, a sake awo bayan rabin sa'a, domin sukarin yakan sake faɗuwa. Jijjigar da ta wuce minti 5 a tsayar da ita da diyazefam, wanda za a iya ba yaro ta dubura, miligiram 0.5 a kowane kilo, idan ba a samu jijiya ba tukuna, tare da sa ido sosai a kan numfashinsa.

Alamomin da suke nuna maleriya ta tsananta sanannu ne: gushewar hankali, kasa zama ko tsayuwa, jijjiga fiye da sau biyu a cikin sa'a 24, numfashi mai zurfi da yake nuna jini ya yi tsami, fari fat a tafin hannu da cikin ido, shawara, fitsari mai duhu ko ƙarancinsa, da zubar jini. Ga manya kuwa, akwai alamomi uku da aka fito da su a 2016 domin gano wanda sefsis yake neman kayarwa: numfashi 22 ko fiye a minti, awon jini na sama 100 ko ƙasa, da ruɗewar tunani. Wanda yake da biyu daga cikinsu yana cikin haɗari. Amma rashin su ba ya wanke mutum, don haka kada a sallami wanda idon ma'aikaci ya ga yana jin jiki don kawai lissafin bai cika ba.

Gwajin maleriya da iyakarsa

A yi gwajin gaggawa na yatsa ko a duba jini a madubin likita, amma idan sakamako zai yi jinkiri kada a jira shi kafin a fara magani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sanin abin da gwajin ba ya faɗa. A yankin da sauro ya yi yawa, yara da dama suna yawo da ƙwayar maleriya a jininsu ba tare da ita ce ta kwantar da su ba, kuma gwajin yatsa da yake neman HRP2, sinadarin da ƙwayar falsifarum take fitarwa, yakan ci gaba da nuna akwai cutar makonni bayan an warke. Saboda haka yaron da gwajinsa ya nuna maleriya yana iya zama mai sanƙarau ko namoniya ko bakteriya a jini. A ɗaya ɓangaren kuma, an gano ƙwayoyin falsifarum da suka daina fitar da wannan sinadari, da farko a Peru, daga baya a Eritiriya da Habasha, har Eritiriya ta sauya irin gwajin da take amfani da shi a 2016. A irin waɗannan wurare gwajin yana iya cewa babu alhali akwai.

Wani bincike da aka yi a asibitoci goma na arewa maso gabashin Tanzaniya, aka buga a 2004, ya nuna illar ɗora komai a kan maleriya. Cikin mutum 4,474 da aka kwantar ana yi musu maganin maleriya mai tsanani, ƙasa da rabi ne aka ga ƙwayar a jininsu. Waɗanda ba a ga komai a jininsu ba sun fi mutuwa, kashi 12.1 cikin 100 idan aka kwatanta da kashi 6.9, kuma biyu bisa uku daga cikinsu ba a ba su maganin bakteriya ba sam. An yi musu maganin cutar da ba su da ita, aka bar wadda take kashe su.

Magunguna biyu a sa'ar farko

Atesunet na allura shi ne maganin farko ga maleriya mai tsanani a kowane rukuni: jarirai, manya, da mata masu ciki a kowane wata. Tushensa atemisinin ne, sinadarin da Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar daga wani tsiro a ƙasar Sin a farkon shekarun 1970, aikin da ya kai ta ga samun kyautar Nobel a 2015. Manyan gwaje-gwaje biyu ne suka ture kwinin daga matsayinsa. SEAQUAMAT, wanda aka buga a 2005, ya ƙunshi mutum 1,461 a Bangaladash da Indiya da Indunisiya da Miyanma, kuma kashi 15 cikin 100 ne suka mutu a rukunin atesunet, kashi 22 a rukunin kwinin. AQUAMAT, a 2010, ya bi yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, aka samu mutuwar kashi 8.5 a rukunin atesunet, kashi 10.9 a rukunin kwinin. Arjen Dondorp ne ya jagoranci rubuta sakamakon duka biyun tare da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta Mahidol da Oxford da ke Bankok.

Adadin shi ne miligiram 2.4 a kowane kilo ga wanda ya kai kilo 20, da miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai ba. Ana ba da shi a lokacin isowa, da bayan sa'a 12, da bayan sa'a 24, sannan sau ɗaya a rana har mara lafiya ya iya haɗiyar ƙwaya. Kwalbar miligiram 60 ana fara narkar da garinta da mililita 1 na ruwan baikabonet da yake zuwa tare da ita, a girgiza har ruwan ya yi garau, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri idan ta jijiya za a ba da shi, ko mililita 2 idan a tsokar cinya ne. A yi amfani da shi cikin sa'a ɗaya, a zubar da ragowar. Ko da mara lafiya ya farfaɗo da wuri, a cika allurai ukun nan na sa'a 24, sannan a bi da cikakken maganin haɗin atemisinin na kwana 3. Wannan mataki na ƙarshe bai kamata a yi wasa da shi ba, domin ƙwayoyin da suke jinkirin mutuwa a gaban atemisinin, waɗanda aka fara gani a yammacin Kambodiya, yanzu an tabbatar da su a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya, kuma atesunet shi kaɗai ba tare da abokin haɗi ba yana ba su damar yaɗuwa. Inda babu atesunet, atemita ta tsoka ce ta biyu, kwinin na uku, kuma kwinin a hankali ake ɗiga shi cikin ruwa tsawon sa'a 4, ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya ba, tare da yawan awon sukari domin yana saukar da shi.

Magani na biyu shi ne na bakteriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a yankunan da maleriya ta yi katutu, duk yaron da ake zargin yana da maleriya mai tsanani a fara masa maganin bakteriya mai faɗin aiki tare da atesunet, har sai an tabbatar babu bakteriya. Dalili shi ne maleriya tana raunana bangon hanji da garkuwar jiki, ƙwayoyin salmonela da ba na taifot ba su samu ƙofar shiga jini, kuma babu alamar da ido zai iya raba yaron da yake da su da wanda ba shi da su. Abin da aka saba shi ne seftiriyazon, miligiram 80 a kowane kilo sau ɗaya a rana, ko amfisilin haɗe da jentamaisin. Idan asibitin yana da ɗakin gwajin da yake iya renon ƙwayoyin cuta, a ɗebi jini kafin allurar farko, matuƙar hakan ba zai jinkirta ta ba. Wanda ya suma, ko wuyansa ya sanƙare, a ɗauke shi a matsayin mai sanƙarau har sai ruwan ƙashin baya ya nuna akasin haka.

Zaɓin magani yana bin abin da yake yawo a yankin. A arewa maso gabashin Tailan, cutar meliyoidosis da ake ɗauka daga ƙasa da ruwan gonakin shinkafa tana cikin manyan masu haddasa sefsis, kuma seftiriyazon ba ya wadatarwa a kanta, sai seftazidim ko merofenem. A Kudu da Kudu maso Gabashin Asiya akwai zazzaɓin da ƙananan ƙwari na daji suke yaɗawa wanda doksisaikilin yake warkarwa. A Afirka kudu da Sahara, babban mutum mai cutar ƙanjamau da ya zo da alamun sefsis, tarin fuka da ya bazu a jiki yana cikin abubuwan farko da za a nema, kuma akwai gwajin fitsari mai sauƙi da yake taimakawa wajen gano shi.

Ƙarin ruwa: inda ake buƙatar taka-tsantsan

A nan ne binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi ya fi sauya tunanin likitoci, kuma a ganina a nan ne har yanzu aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Shekaru da dama ana koyar da cewa yaron da jininsa ba ya zagayawa yadda ya kamata a tura masa ruwa mai yawa cikin sauri. Koyarwar ta fito ne daga asibitocin ƙasashe masu arziki, inda na'urar taimaka wa numfashi take kusa idan ruwan ya yi yawa. Kathryn Maitland da abokan aikinta suka gwada ta a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, a gwajin FEAST, kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini, fiye da rabinsu masu maleriya. An dakatar da gwajin kafin lokacinsa a farkon 2011, saboda cikin sa'a 48 kimanin kashi 10.5 cikin 100 na yaran da aka tura wa ruwa da sauri sun mutu, yayin da kashi 7.3 ne suka mutu cikin waɗanda aka ba ruwan yau da kullum a hankali. Abin da ya sa darasin yake da wuyar karɓa shi ne yaran da aka tura wa ruwan sukan nuna sauƙi a sa'ar farko, hannuwansu su yi ɗumi, bugun jijiyarsu ya ƙarfafa, ma'aikaci ya ga kamar ya yi nasara, sannan su faɗi daga baya.

An ga irin haka ga manya a Lusaka ta Zambiya, a gwajin da aka buga a 2017 kan mutum sama da 200 masu sefsis da faɗuwar awon jini, akasarinsu masu ƙanjamau. Kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka bi da su da tsarin ruwa mai yawa sun mutu a asibiti, kashi 33 kuma a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Abin yi a aikace shi ne a fara raba marasa lafiya. Wanda ruwan jikinsa ya ƙare saboda gudawa da amai, ko wanda ya zubar da jini, ko wanda ya ƙone, yana buƙatar a mayar masa da abin da ya rasa bisa ƙa'idarsa, kuma gwajin FEAST bai shafi irinsu ba. Yaron da zazzaɓi ne kawai ya kayar da shi, a ba shi ruwan yau da kullum gwargwadon nauyinsa, a koma ciyar da shi ta baki ko ta bututun hanci da zarar ya yiwu. Sai idan alamomi uku sun haɗu, wato sanyin hannu da ƙafa, jinkirin komawar jini fiye da daƙiƙa 3, da bugun jijiya mai rauni da sauri, sannan ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta yarda a ba da mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo cikin minti 30 zuwa 60, ana tsaye a kansa. Mai tamowa kuma a fi sassauta masa. Ga babba, a riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan, kamar mililita 250 zuwa 500, a sake dubawa kafin a ƙara. Idan numfashi ya ƙaru, ko oksijin ya sauka, ko aka ji ƙarar ruwa a ƙasan huhu, a tsayar nan take. Babban mutum mai maleriya mai tsanani ya fi kowa saurin tara ruwa a huhu, mace mai ciki kuma ta fi shi. Idan awon jini ya ƙi tashi bayan ruwa mai ma'ana, abin da ake buƙata shi ne maganin ɗaga awon jini, wato noradirenalin ko adirenalin, a ɗige ta babbar jijiyar hannu, ba ƙarin ledar ruwa ba.

Jini kuwa, yaron da himogulobin ɗinsa, wato awon da yake nuna ƙarancin jini, ya gaza giram 4 a ƙara masa ba tare da jinkiri ba, haka ma wanda yake tsakanin 4 da 6 idan yana numfashi da wahala ko hankalinsa ya gushe, mililita 20 na cikakken jini a kowane kilo cikin sa'a 3 zuwa 4. Gwajin TRACT a Yuganda da Malawi, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa yaron da yake tsakanin 4 da 6 ba tare da waɗannan alamomi ba za a iya sa masa ido ana maimaita awo, ko da yake kusan rabin irinsu sun buƙaci jinin daga baya. A asibitin da ledar jini ɗaya ta rage, wannan sani ne yake nuna wa za a ba.

Akwai abubuwan da aka gwada aka ga suna cutarwa a maleriyar ƙwaƙwalwa. Deksametazon, maganin rage kumburi, ya tsawaita suma a gwajin da aka yi a Tailan a farkon shekarun 1980. Fenobabiton da aka ba yara domin rigakafin jijjiga a Kilifi ta Kenya ya ƙara yawan mace-mace. Manitol, wanda ake ba da shi domin rage kumburin ƙwaƙwalwa, bai nuna amfani ba. Don saukar da zafin jiki, farasitamol ya wadatar.

Bayan sa'ar farko

Maganin bakteriya ba zai yi aiki a kan mugunyar da take tare a wuri guda ba. A tuɓe mara lafiya a duba shi daga kai har ƙafa: ƙurji mai zurfi, gaɓar da ta kumbura, ciki mai tauri da zai iya zama hanjin da taifot ya huda, gyambon ƙafar mai ciwon sukari, cibiyar jariri, da mahaifar mai jego ko wadda ta yi ɓari. Abin da yake buƙatar tsagawa ko wankewa ko tiyata a yi shi da wuri, ko a tura mara lafiya inda za a yi.

Sa ido shi ne kulawa ta musamman ta asibitin da ba shi da na'urori. A ajiye mafi jin jiki a gadon da ya fi kusa da teburin ma'aikatan jinya, a rubuta numfashi da bugun jijiya da hankali da sukari aƙalla kowace sa'a 4, a auna fitsari, a juya wanda ya suma kowace sa'a 2. Babban da fitsarinsa ya gaza rabin mililita a kowane kilo a sa'a, ƙodarsa tana cikin matsala, sai a guji jentamaisin, a fara neman inda ake wankin ƙoda tun kafin al'amari ya ƙazanta.

Idan turawa ta zama dole, a ba da allurar farko ta atesunet da ta maganin bakteriya kafin a tashi, a rubuta lokaci da adadi a takardar da za ta bi mara lafiya. Inda allura ba ta samuwa, yaro ɗan ƙasa da shekara 6 za a iya sa masa atesunet ta dubura, miligiram 10 a kowane kilo. Binciken CARAMAL da aka gudanar a Najeriya da Yuganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ya nuna cewa amfanin wannan magani ya dogara ne ga isar yaron asibiti a kammala masa jinya, saboda haka a bayyana wa iyaye a fili cewa sauƙin da za su gani a hanya ba warkewa ba ne.

Haɗari ba ya ƙarewa ranar sallama. Wanda aka yi wa atesunet, musamman mai ƙwayoyi da yawa a jini, jininsa yana iya sake raguwa bayan mako 1 zuwa 3, don haka a ba shi ranar dawowa awo. Yaran da aka kwantar saboda tsananin ƙarancin jini suna yawan komawa asibiti ko mutuwa a gida cikin watannin farko, kuma bayan wani gwaji a Kenya da Yuganda da ya nuna amfanin ba su cikakken maganin maleriya a mako na 2 da na 6 da na 10 bayan sallama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan rigakafi a 2022. A kuma tunatar da iyaye gidan sauro da allurar rigakafin maleriya, RTS,S da aka amince da ita a 2021 ko R21 ta 2023, inda ake ba da su.

Ƙaramin asibiti ma yana da rawar da zai taka a bincike, kuma farkonta littafin rajista ne da ake cikawa da gaskiya. A rubuta shekaru da nauyi, lokacin isowa, lokacin allurar farko, sakamakon gwaji, yawan ruwan da aka ba da, da yadda aka ƙare, har da waɗanda danginsu suka tafi da su gida ba tare da sallama ba, domin barin su a waje yana ɓoye ainihin adadin mace-mace. A zauna sau ɗaya a wata a bi kowace mutuwa ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba, a ga minti nawa aka ɓata tsakanin ƙofa da allura, da kuma ranakun da oksijin ko jini ko takardar awon sukari suka yanke. Inda ake renon ƙwayoyin cuta, a tara sakamakon shekara a liƙa shi a ɗakin likitoci, domin bijirewar bakteriya ga magani, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, ta fi muni a yammacin Afirka, kuma seftiriyazon da yake aiki a wani asibiti yana iya gazawa a na kusa da shi. Idan kuma za a shiga gwajin magani na haɗin gwiwa, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da yardar mara lafiya ko waliyyinsa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji, tare da tabbatar masa cewa ƙin shiga ba zai rage kulawar da za a ba shi ba.